Nauyi Da Gudu: Abin Da Ke Bayan Dokar Rage Lodin Tankokin Mai

Tun daga ranar 1 ga watan Maris na shekarar 2025, hukumar da ke kula da sufuri da rarraba man fetur a Nijeriya, wato NMDPRA, ta hana a yi wa tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 lodi a daffo-daffon ƙasar nan, ta kuma bayyana niyyarta ta mai da iyakar lodin zuwa lita 45,000. Wannan mataki ya biyo bayan munanan haɗurra guda biyu: na garin Majiya a Jihar Jigawa cikin watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutane 150 suka rasu, da na mararrabar Dikko a Jihar Neja cikin Janairun 2025, wanda ya ci rayuka fiye da 80. A wuraren biyu tanka ce ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, sannan wuta ta tashi.

Masu motocin sun koka da hasarar da dokar za ta jawo musu, kuma kukansu abin saurare ne. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da nauyi yake yi wa mota idan tana tafiya.

Litar fetur ɗaya ba ta cika kilo ɗaya ba, nauyinta wajen kashi uku ne cikin huɗu na kilo. Ke nan lita 60,000 ta kusa tan 45, idan kuma aka haɗa da nauyin kan motar da tankin, jimlar takan kai wajen tan 60. Ƙaramar motar shiga kuwa nauyinta wajen tan ɗaya da rabi ne. Wato tanka ɗaya daidai take da ƙananan motoci 40 da aka ɗaure wuri guda, direba ɗaya yana riƙe da su.

Tun a shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da ake bukata a motsa shi, ko a tsayar da shi, ko a karkatar da shi daga hanyar da ya nufa. Wannan ne ya sa babbar mota mai lodi take rarrafe a kan hawa, motoci su yi jerin gwano a bayanta, har gajen haƙuri ya sa wani direban ya nemi wuce ta a kan kwana. Idan kuma ta kama gangara, nauyin da ya hana ta gudu ɗazu shi ne zai riƙa ingiza ta gaba.

Wahalar tsayawa ta fi ta tashi haɗari. Aikin birki shi ne ya mai da ƙarfin tafiyar mota ya zama zafi. Idan aka ninka nauyi sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninku sau biyu. Idan kuwa gudu aka ninka sau biyu, to, zafin sau huɗu zai ninku. Kowane birki akwai iyakar lodin da aka ƙera shi dominsa, da zarar an wuce ta sai ya yi zafi ya daina kamawa. Sau da yawa abin da ake kira tsinkewar birki, asalinsa lodi ne da gudu suka haɗu.

Har ila yau, tanka tana da wata matsala tata ta daban. Kayanta ruwa ne, a sama yake, kuma yana tangaɗi. Idan direba ya murɗa sitiyari da sauri don kauce wa rami, man yakan ci gaba da tafiya ta inda ya dosa, ya taru gefe guda, ya rinjayi motar. A karo kuma babu adalci tsakanin babba da ƙarami: idan motar tan 60 ta haɗu da ta tan ɗaya da rabi, jijjigar da ƙaramar za ta sha ta ninka ta babbar sau 40.

Titi ma yana biyan nasa kason. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan jerin tayoyi sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninku wajen sau 16. Ashe ramin da ke kifar da tanka yau, lodin jiya ne ya haƙa shi, kuma daga baitulmali ake fitar da kuɗin gyaransa.

Duk da haka, dokar kaɗai ba za ta wadatar ba. Man da tanka uku masu lita 60,000 suke ɗauka, sai an sami huɗu masu lita 45,000, wato motoci za su ƙaru a kan hanya, kuɗin dako ma zai iya tashi. Tushen lamarin shi ne an bar wa titi aikin da bututun mai da jirgin ƙasa ya kamata su yi. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 don ta wadata Arewa, amma da ta shafe shekaru ba ta aiki sai ya zama ana jigilar mai daga Kudu, tafiyar kusan kilomita 1,000.

Saboda haka wajibi ne mahukunta su tabbatar ana auna manyan motoci a daffo da kan manyan hanyoyi, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 kuma ta tsananta binciken na'urar ƙayyade gudu da ta fara tilasta wa motocin haya a 2017. Jama'a su ma su guji tankar da ta faɗi. Jami'in da ya kau da kai ga lodin da ya wuce ƙima ya tuna cewa a kan wannan titi iyalinsa za su bi.