RA'AYINMU: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A ran 5 ga watan Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Tun daga ranar nan sai mahukuntanmu suka saki jiki, kamar dai an yi ruwa an ɗauke. Mu kuwa a ganinmu yanzu ne ya kamata a zauna a duba abin da annobar nan ta tona game da asibitocinmu, tun kafin wata ta sake faɗo mana.

Masu karatu za su tuna cewa a ran 27 ga watan Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani Baturen Italiya, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba, a Legas. Kafin a ce haka cutar ta bazu cikin jihohi, ta isa Kano a watan Afrilu. Da aka duba aka ga babu isassun ɗakunan keɓe marasa lafiya, sai aka koma filayen wasa. Aka kafa tantuna a filin Onikan na Legas da filin Sani Abacha na Kano, aka jera gadaje. Waɗanda suka ba da dukiyarsu don wannan aiki sun cancanci yabo. Amma fa tilas a faɗi gaskiya: gado kaɗai ba ya warkar da kowa.

Cutar korona huhu take kamawa. A ƙididdigar farko ta Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 100 da suka kwanta da ita, kamar 15 kan buƙaci iskar oksijin, kamar 5 kuma kan kai matsayin da sai an ba su kulawa ta musamman. Ashe ke nan abin da ya fi ceton rai shi ne iska. Tukunyar iska kuwa cikin 'yan sa'o'i take ƙarewa a kan majinyacin da ciwo ya tsananta masa. Ƙaramin injin da ke tace iska a gefen gado, da zarar an ɗauke wuta ya tsaya. Shi kansa injin taimakon numfashi da aka yi ta kururuwa a kansa, in babu wuta, babu iska, babu ma'aikacin da ya ƙware da shi, to ƙarfe ne kawai a ajiye.

Mun ga misalin haka a farkon 2021, lokacin da cutar ta dawo karo na biyu, buƙatar iska a Legas ta ninka sau da yawa. A lokacin ne Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a kafa injinan samar da iska guda 38 a faɗin ƙasa. A watannin Afrilu da Mayu na shekarar nan kuma, mutane suka yi ta mutuwa a asibitocin Indiya don ƙarancin iska, ga likitoci a tsaye suna kallo.

Tsarin ginin ma ba abin rainawa ba ne. Asibitin da mai tari da mai ciki ke shiga ta ƙofa ɗaya, su zauna a benci ɗaya, a ɗakin da babu tagogin da iska ke ratsawa, babu famfon wanke hannu, shi da kansa yake raba cuta. Mun sha wannan darasi tun 2014, sa'ad da wani matafiyi ya shigo Legas da cutar Ebola daga Laberiya. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta ceci ƙasa, amma ta kamu, ta rasu. Ma'aikacin jinya da ba shi da safar hannu, da takunkumin fuska, da wurin tuɓe kayan aiki, ransa yake sayarwa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta jihohi da su yi abu uku. Na farko, kowane babban asibitin jiha ya sami ɗakin keɓewa na dindindin, mai ƙofarsa dabam, da ruwansa, da bututun iska a kan kowane gado. Na biyu, a ba wa ɗakunan nan wutar da ba ta yankewa, ko ta hasken rana ce. Na uku, a ware kuɗin gyara, a horar da makanikai, a kuma bayyana wa jama'a injinan iska nawa ne ke aiki a yau.

Kada wani ya ce ɓarnar kuɗi ce. Iskar nan ita ce yaro mai ciwon huhu ke buƙata, da jaririn da aka haifa bai cika wata ba, da wanda ake yi wa tiyata. Ɗakin keɓewa kuwa zai yi amfani ga zazzaɓin Lassa da ke dawowa kowace rani, da mashaƙo irin wanda ya addabi Kano a 2023. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba sha'anin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Mu da aka yi alkawarin a gidanmu, mu ya fi kamata mu fara cika shi. Talaka ba shi da wani asibitin da zai je sai na garinsu. Allah ya sa mahukunta su ji.