Martani: Kuɗin Dunƙule Ba Shi Ke Lalata Mai Kwanan Titi Ba

Wani marubuci ya ce kada a damƙa wa masu kwana a bakin Terminus da tashar Bauchi Road a Jos kuɗi dunƙule, domin a ƙwaya da sigari za su ƙare. Wai gara a ci gaba da ba su abinci. To, ina hujjarsa?

A birnin Vancouver na Kanada an gwada. Daga 2018, ƙungiyar Foundations for Social Change da Jami'ar British Columbia sun bai wa marasa matsuguni 50 dalar Kanada 7,500 kowannensu, lokaci guda, ba sharaɗi. Cikin shekara ɗaya, kwanakin da suka yi ba muhalli sun gaza na waɗanda ba a ba su ba da kwana 99, kuma abin da suke kashewa a giya da ƙwaya bai ƙaru ba. Gaskiya ne an tsame masu shaye-shaye mai tsanani tun farko. Wannan hujjar tantancewa ce, ba hujjar hana kowa ba.

Su wane ne ma marasa gida a Jos? Ambaliyar Yulin 2012 ta rushe gidaje a Rikkos da Gangare. Rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba dubbai da muhallinsu. Ƙwaya ce ta fitar da waɗannan?

Mai gidan haya kuɗin shekara yake nema kafin ya miƙa makulli. Yaushe ɗari biyun sadaka za ta tara su? Kwanon tuwo yana kashe yunwar dare, amma sanyin hunturun Jos sai ɗaki. Masu fitar da zakka su tantance, sannan su bayar da abin da zai kama haya da jari.