Jarrabawa da kwamfuta, makaranta ba intanet

A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da umarni WAEC da NECO su koma yin jarrabawa da kwamfuta a 2026. JAMB kuwa tun 2015 ta koma. Mu malamai ba mu ƙi kwamfuta ba. Tambayarmu ita ce, a ina ɗan manomin shinkafa na Augie ko Gulma zai saba da ita, alhali akwai ƙauyukan da malami sai ya hau tudu kafin saƙonsa ya fita daga waya?

Kada wani ya ce mana babu kuɗi. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF musamman domin kai sadarwa inda kamfanoni ba sa hango riba. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi wa karkara alkawarin intanet mai gudun megabit 10. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000. Madalla. Amma waya babban titi take bi, daga Sakkwato ta ratsa Argungu zuwa Birnin Kebbi, makarantunmu kuwa da yawa suna can bayan fadama, inda damina ke yanke hanya. Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin titi da aji, wa zai biya kuɗinta?

Na taɓa raka ɗalibai cibiyar jarrabawa a Birnin Kebbi. Yarinyar da ta fi kowa iya lissafi a ajina ta ɓata kusan rubu'in lokacinta tana neman yadda za ta matsa zuwa tambaya ta gaba. Ranar ce ta fara taɓa kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da ake sa yaranmu yi ke nan.

Gwamna Nasir Idris ya shugabanci wannan ƙungiya tamu a matakin ƙasa, saboda haka ba sai an fassara masa kukan malami ba. Muna neman a buɗe gurbi a kasafin jiha na kai intanet da lantarki mai aiki da hasken rana makarantun sakandare na karkara, a kuma wallafa sunayen waɗanda suka samu kowace shekara.

'Yan'uwa, kowane wakili ya zo taron reshe na gaba da jerin makarantun yankinsa da ba su da sabis, domin mu miƙa shi ga Ma'aikatar Ilimi a rubuce.