Kafin a zagi kamfanin sadarwa, a fara duba ƙofar fita

Abin yana yawan faruwa a shagunan kwamfuta, makarantu da ƙananan ofisoshi. An gaji da tsohon layin intanet, an sayo sabuwar rauta, ko an koma Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023. Wayoyin kowa sun hau sabon Wi-Fi, WhatsApp na shiga, YouTube na gudu. Amma sabar da ke riƙe da manhajar lissafin kuɗi ta daina hawa intanet, kyamarorin tsaro kuma sun ɓace daga wayar maigida. Nan take sai a hau zagin kamfanin sadarwa, alhali sau da yawa babu ruwansa.

Kowace na'ura tana buƙatar sanin adireshin da za ta miƙa wa duk saƙon da zai bar gidan zuwa waje. Shi ne ake gani a saiti da sunan Default Gateway, wato ƙofar fita, kuma galibi adireshin rautar ne. Waya ba ta shan wannan wahala domin rauta ce ke ba ta komai ta tsarin DHCP da zarar ta haɗu. Saba kuwa, da na'urar kyamara da firinta, yawanci da hannu aka rubuta musu adireshi tun ranar da aka kafa su. Rauta ta canza, su ba su sani ba.

Kuma rautoci ba su da lamba ɗaya. Yawancin na TP-Link suna zuwa da 192.168.0.1, MiFi na Huawei da 192.168.8.1, ta Starlink da 192.168.1.1. Idan lamba ta uku ta canza, sabar takan ɓace gaba ɗaya, ko daga cikin ofis ba a samunta. Wanda ya fi rikita mutane shi ne idan ta ƙarshe kaɗai ta canza, a ce daga 254 zuwa 1. A nan kwamfutocin ofis suna ganin sabar lafiya lau, intanet ne kawai babu, don haka ba wanda ke zarginta.

Binciken bai kai minti biyar ba. A waya, bayanan Wi-Fi ɗin da aka hau suna nuna ƙofar da ke aiki yanzu. A sabar, umarnin ipconfig a Windows ko ip route a Linux yana nuna wadda ta riƙe. Idan sun bambanta, an gama. Idan sun yi daidai, sai a yi ping zuwa rautar, sannan zuwa 8.8.8.8. In wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wadda ita ma sau da yawa tana nuni da tsohuwar rautar.

Inda masu gyara ke cutar mutane shi ne gyaran wucin gadi. Umarnin ip route add yana dawo da intanet nan take, a karɓi kuɗin aiki a tafi, amma ba ya zama bayan an sake kunna na'ura. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan gyara da wuya ya kwana biyu. A Ubuntu, fayil ɗin Netplan ne wurin rubuta shi. Mai gyara daga nesa kuma ya yi amfani da netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar ba. In ba haka ba zai kulle kansa a waje, sai ya hau babur ya zo.

Masu kafa saba za su ce dole ta samu adireshin da ba ya motsi, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai ana iya ware mata adireshi a cikin rautar ta DHCP, ta riƙa karɓar ƙofa da DNS da kanta. Inda na'urorin da aka saita da hannu suka yi yawa, ya fi sauƙi a ba sabuwar rauta lambar tsohuwar, idan tana yarda da hakan, maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya. Mai shago kuma yana da haƙƙin ya ƙi biyan cikon kuɗi har sai an rubuta masa adireshin kowace na'ura, ƙofarta da DNS ɗinta a takarda, an manna a jikin sabar.