Kiɗan Na'ura Ɗan Gida Ne

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun Hausawa, tun daga Kano har nan Gurda ta Sabha a Libiya: wai kiɗan fiyano ba kiɗa ba ne, na'urar Turawa ce ta zo ta kashe kalangu da goge, ta bar mana hayaniya. Dattawa na faɗa, 'yan boko na maimaitawa, matashin da wayarsa ke cike da waƙoƙin Kannywood kuma ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Ni ban yarda ba, kuma hujjata kaset ne da aka naɗa a Yamai a 1978.

Mai kaset ɗin Mamman Sani ne, ma'aikacin da ke yi wa UNESCO aiki a lokacin. A wajen wani taro ya ga na'urar kiɗa ta lantarki mai maɓallai ƙirar Orla ta Italiya a hannun wakilin Ruwanda, ya lallashe shi har ya sayar masa. Da ya kawo ta gida bai zauna kwaikwayon kiɗan Faransa ba. Ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiyar Nijar, har da na makiyaya Wodaɓe da Buzaye, ya koya wa na'urar su. Ya shiga gidan rediyon ƙasa ya naɗi kundinsa na farko, La Musique Électronique du Niger. Duk wanda ya saurari "Salamatu" ko "Lamru" da kunnen basira zai ji tafiyar kiɗan a hankali take, mai maimaita kanta irin ta mai kora garke. Wannan ba a Turai aka haife shi ba.

Shekaru da dama rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Bazindire ko Bamaraɗen da ya yi furfura a Gurda yana zagin fiyano, mai yiwuwa da wannan sautin ya tashi, bai taɓa jin sa baƙo ba.

Masu cewa kayan kiɗa sai na kaka da kakanni, ina za su kai kuntigin Ɗan Maraya Jos? Da gwangwanin kifi ake haɗa kuntigi, a rufe shi da fata, a ɗaura tsirkiya. Gwangwanin daga waje ya zo, amma wa ya taɓa cewa Ɗan Maraya ba namu ba ne? A nan Libiya ma, a sansanonin shekarun 1980, matasan Buzaye irin su Tinariwen suka rungumi jita, yau duniya ta san Sahara da ita. Hannun makaɗi da kunnensa su ne asalin kiɗa, ba masana'antar da ta ƙera kayan ba.

Gaskiya ne, da yawa daga abin da ke fitowa daga ɗakunan naɗar waƙa a yau shirme ne: a danna maɓalli ɗaya, ganga ɗaya ta yi ta bugawa, a lanƙwasa muryar mawaƙi da kwamfuta har ba a gane namiji da mace. Amma laifin na malalacin makaɗi ne da bai zauna gaban manya ya koyi kari ba. Na'urar da ta fi tasa rauni ce Mamman Sani ya sa ta yi maganar Sahel.

Babban abin kunyar yana wuyanmu. Kwafin kaset ɗin kaɗan aka buga, ya kwanta a ma'ajiya har sai da Ba'amurke Christopher Kirkley ya tono shi, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, aka fara gayyatar dattijon zuwa Turai. Muna kukan al'ada na mutuwa, alhali mu ne ba ma adana ta.

Saboda haka masu shagunan tura waƙa a waya, ku nemo wannan kundi ku sa wa samari. Gidajen rediyon Yamai, Damagaram da Kano su buɗe ma'ajiyarsu. Duk yaron da zai sayi fiyano kuwa, a tura shi wajen makaɗan kalangu da goge ya koya tukuna, sannan a bar shi ya kaɗa.