Kafin ka ce "ɗan ba ni hotsifot", fara ɗaure bakin kwamfutarka

Shekaranjiya da dare saura ƙiris abokai biyu su ba hammata iska a ɗakinmu. Ɗaya ya roƙi hotsifot na minti 10, wai zai tura wa malaminsa babi na biyu na furojet. Mai waya ya kunna masa, ya fita wajen mai shayi. Kafin ya dawo saƙo ya shigo cewa datarsa ta ƙare, wajen giga 3 da yake ta lallaɓawa ta kai shi ƙarshen wata. Wannan yana rantsuwa imel ɗaya tak ya tura, wancan yana cewa ƙarya ne, fim ya sauke. Ni da nake gefe na san ba fim ba ne. Kwamfutar ce ta yi wata biyu ba ta ga intanet ba, tana samu ta hau sabunta kanta a ɓoye.

'Yan uwa ɗalibai, na KASU reshen Kafanchan ne, na Gidan Waya ne, ko 'yan makarantar jinya, yawancinmu wayar aljihunmu ita ce modem ɗinmu. Da ita muke rijistar kwas, da ita muke neman kayan furojet. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda ya kunna maka hotsifot kuɗin abincinsa ya yanka ya ba ka. Shi ya sa nake ganin haƙƙi ne a kan mai roƙo ya san yadda kwamfutarsa ke shan data. "Ai ban sani ba" ba uzuri ba ne.

Masu Windows, ku ne mafi yawa, kuma da ku nake. Windows 10 da 11 suna ɗaukar duk Wi-Fi ɗin da suka samu tamkar na ofis ne wanda ba ya ƙarewa. Da ka haɗa, shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna "Metered connection". Ko minti ɗaya ba zai ci maka ba, kuma zai tsayar da yawancin sabuntawar. Amma fa kowace waya da nata: idan gobe ka haɗa da ta wani, sai ka sake kunnawa. A dakatar da OneDrive ma, in yana aiki.

Ni dai in son samu ne, a bar hotsifot na iska a koma kebul. Ka haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, ka kunna "USB tethering". Wayar ba ta yin zafin nan mai kama da dutsen guga, tana ma ɗan shan caji daga kwamfutar, abin da ba ƙarami ba ne ranar da aka kwana babu wuta. Sannan ɗan ɗakin da ke kusa, wanda ka taɓa ba lambar sirri tun zangon farko, ba zai laɓe ya hau ba. In ka ga wurin kunnawar ya dushe ya ƙi taɓuwa, zargi igiyar kafin ka zargi wayar. Da yawa daga cikin masu arahar nan na kasuwa caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai.

Sai dai kebul ɗin ba ko'ina yake tafiya daidai ba. Android da Windows, nan take. Android da Ubuntu, wanda 'yan kimiyyar kwamfuta ke ji da shi, shi ma nan take, ba ka girka komai. iPhone da Windows kuwa sai ka fara girka iTunes ko Apple Devices, in ba haka ba hotunanka kawai kwamfutar za ta gani. Masu MacBook da wayar Android, galibin wayoyin da ke hannunmu Mac ba ya gane su ta kebul, ku haƙura da Wi-Fi ku kunna "Low Data Mode".

Akwai kuma masu tsohuwar kwamfutar gwanjo da ke cewa sam ba ta ganin hotsifot ɗin, har a fara shirin kai ta wajen mai gyara. Sau da yawa lafiyarta lau, zangon 5GHz ne ba ta iya ji. Mai Android ya mayar da shi 2.4GHz, mai iPhone 12 zuwa sama ya kunna "Maximize Compatibility".

Abokan nan biyu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Wanda ya roƙa ya yi alkawarin biyan rabi idan kuɗin gida sun iso. Ni kuwa yanzu duk wanda ya zo min da kwamfuta, sai na ga saitinsa da idona kafin na miƙa igiya.