LAFIYA UWAR JIKI: CIWON MUƘAMUƘI

Wani malamin makaranta daga Wurno ya aiko mana da takarda, ya ce yau kwana goma ke nan gindin kunnensa na yi masa ciwo in yana tauna, in kuwa ya yi hamma sai ya ji muƙamuƙinsa ya yi ƙas. Abokansa sun rabu biyu, waɗansu sun ce ya ƙyale abin zai wuce, waɗansu sun ce ya tafi Sakkwato. Yana so mu raba gardama.

To, Malam, ɗora yatsanka a gaban kunnenka, sa'an nan ka buɗe baki. Abin nan da ka ji yana motsi, shi ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai na guringuntsi mai hana su gugar juna. Kadan faifan ya ɗan goce daga mazauninsa, sai a ji ƙara sa'ad da ya koma. Ƙara kaɗai, ba zafi, ba ta bukatar magani. Zafin kuwa yawanci daga naman da ke jan muƙamuƙi ya ke, watau ya gaji ne, kamar yadda ƙafa kan gaji da doguwar tafiya. Masu gajiyar da shi su ne cizon haƙora cikin barci, wanda ya fi samun mai damuwa a zuciya, da tauna a gefe guda saboda haƙori mai rami, da yinin goro, da rake, da aya, da ƙilishi.

Irin wannan ciwo lalle ya kan tafi da kansa cikin 'yan makonni, wani sa'i watanni, in dai an ba gaɓar hutu. A koma ga kunu da fura da tuwo mai laushi. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a dinga gasa wurin. In hamma ta zo a tallafe haɓa da hannu. Ƙwayar farasitamol na rage zafi. Goro kuwa, mun sani malamai ba su son a taɓa musu shi, amma mako biyu ba shekara ba ne. Kada a yarda da sakiya ko tsaga a wurin, kada kuma a cire haƙori mai lafiya, gama cutar ba nan ta ke ba. In an yi wata guda ana haka ba sauƙi, ko baki ya kasa buɗewa har yatsu uku su shiga a tsaye, sai a nemi likitan haƙori. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amma fa, jama'a, ba don wannan kaɗai muka ba takardar nan fili ba. Akwai ciwon muƙamuƙi wanda jira ke kashewa. Manomin albasa ko shinkafa a fadamar Goronyo ko Rabah, fartanya ta sare shi, ko ya taka ƙusa, ya shafa ƙasa ya ci gaba da aiki. Bayan kwana 3 zuwa 21 sai ya ji muƙamuƙi ya yi tauri, haɗiya ta yi wuya, wuya ya sandare. Wannan shi ne tetanas, mai sarƙe haƙora, ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune. A ɗauke shi zuwa asibiti ran nan, ko da dare ne. Haka kuma wanda kumatunsa ya kumbura da zazzaɓi saboda ruɓaɓɓen haƙori, don kumburin na iya gangarowa ya toshe numfashi. Wanda ya yi hamma baki ya ƙi rufuwa, gaɓar ce ta fita, likita na mayar da ita da hannu cikin ɗan lokaci in an zo da wuri. Dattijon da zafin ya taso masa tare da nauyin ƙirji da gumi kuwa, a tuhumi zuciya.

Yara su ne suka fi ba mu tsoro. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda ya rame, ko ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo, bakinsa na wari, kumatu ya kumbura, ana jin tsoron noma, wadda waɗansu ke kira ciwon iska. Cikin 'yan kwanaki ta kan cinye naman fuska, wanda ya tsira kuwa sau da yawa muƙamuƙinsa kan manne, ya kasa buɗe baki sai an yi masa aiki. Alhali da fari magungunan kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau na tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin yara na wannan cuta tun 1999, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Malaman makaranta da limamai su riƙa gaya wa iyaye su buɗe bakin yaron da ya ƙi cin abinci su duba dasashinsa.